Jawabin cikar Solfrid shekara saba'in

Litinin, 4 ga Maris

Mijin Solfrid ya bugo waya. Wai ni zan yi jawabi ranar da za ta cika saba'in, tunda ni ce babba. Shekara shida ke nan ni da ƙanwar tawa ba ma wuce gaisuwar Kirsimeti. Na ce masa to. Ban san dalili ba.

Laraba, 6 ga Maris

Na yayyaga takarda huɗu. Mijina Asbjørn ya gaji da ganina, ya sa mini wata manhaja a tsohuwar kwamfutar da ke kan tebur. Ka rubuta kanu, ka jera abubuwa a ƙarƙashinsa, kowanne da nasa 'ya'yan. In ka danna, duk su naɗe su ɓuya. Ya ce, "Ko ke za ki iya, Torunn." Shekara arba'in da aure, har yanzu bakinsa bai gyaru ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Kanu biyu na yi: Alherinta, Laifinta. Na farko layi uku. Na biyu sha tara.

Lahadi, 10 ga Maris

Ruwa tun safe, ko jirgin fito ba a hangowa daga taga. Na zauna kan babban laifin: ta kai Mama gidan kula da tsofaffi ba ta shawarce ni ba. Manhajar nan, da ka sauka layi sai ta buɗe maka fili a ƙasa, kamar tana jira. Na fara cikawa. Yaushe? Damina, shekarar da Mama ta faɗi a banɗaki. Ina nake? Tromsø, wajen aiki. Wa yake mata wanka? Solfrid. Tun yaushe? Shekara huɗu. Sau nawa na zo?

Nan na tsaya. Na naɗe shi.

Asbjørn ya kawo kofi, ya leƙa. "Jawabi kike rubutawa ko shari'a?" Na ce ya je ya duba kifinsa kar ya ƙone.

Talata, 12 ga Maris

Ban kunna kwamfutar ba.

Laraba, 13 ga Maris

Sau uku. Sau uku na zo a shekara huɗu. Na rubuta, na bar shi a buɗe.

Juma'a, 15 ga Maris

Na kira Solfrid. Tambaya ce kawai, don jawabin: sunan karen da muka yi muna yara. Ta ce, "Torunn? Lafiya? Wani ya mutu ne?" Na ce babu. Ita ma ta manta sunan. Muka yi ta musu, ta ce har yanzu ban iya yarda na yi kuskure ba. Na ce wani lokaci ina yi.

Gwiwarta na damunta, ba ta iya tsayuwar girki. Gobe zan shiga bas ɗin ƙarfe tara. Don girkin ne kawai.