Katin da Ba Ya Tona Asiri

Litinin, 3 ga Maris
Shagon wanki na ƙarshen layi na neman mai guga. Mai shagon ya ce in kawo kwafin katin shaidata. Na ce to, na fito. Bara na ba dillalin gida irin kwafin nan, ba a yi wata ba sai ga tsohon mijina tsaye a ƙofar ɗakina. Har yau haƙarƙarina bai koma daidai ba.

Laraba, 5 ga Maris
Yaya ta ja ni ofishin ƙungiyarsu ta masu aikin hannu, ɗaki ɗaya a saman kantin magani. Su suka kafa, su ke da ita. Sakatariyar, Uwar Biro suke ce mata, ta ce sau ɗaya za su duba katina su kulle bayanin. Mai son tantance ni e ko a'a kawai zai samu, shi ma sai na danna a wayata na yarda. Na ce dillali ma daɗin baki ya yi mini. Ta ce, “Ƙanwata, dillali kina da ƙuri'a a kansa?”
Na yi rajista. Don Yaya kawai.

Asabar, 8 ga Maris
Mai shagon ya haska lambar da ƙungiya ta sa mini a waya da tasa wayar. Ta nuna masa: mutum ce ta gaske, ta haura shekara sha takwas, an san sana'arta. “Ina sauran?” Na ce ba saura. Ya yi tsaki, ya miƙo mini dutsen guga.

Talata, 11 ga Maris
Kafaɗa kamar ta aro. Alhamdulillah.

Juma'a, 21 ga Maris
Uwar Biro ta kira. Wani ya je ofis, wai shi ƙanina ne, Mama ba lafiya, a gaya masa inda nake. Mama da ta shekara shida a ƙasa! Tsohon mijina ne, ya san Yaya 'yar ƙungiyar ce, ya lalubo. Ko cewa ina cikinsu Uwar Biro ba ta gaya masa ba. Ya daki tebur ya fita.
Na ƙona hannun rigar wani.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Taron wata. Wani kamfani na son adireshin mambobi, wai zai yi mana inshora mai sauƙi. Ana ta gyaɗa kai. Ban san sanda na miƙe ba. Na faɗi abin da ya same ni, har dukan. An kaɗa ƙuri'a, an ƙi.
Uwar Biro ta ce kwamitin sa ido na neman mutum ɗaya. Na ce ni ba ruwana. Na dai tambayi ranar da suke zama. Alhamis.
Alhamis da wuri nake tashi daga aiki.