Na'urata ta ce sukarin Baba ya sauka, kuma ƙarya ne

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a kai ƙarshe, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗalibar digiri na biyu ce, gidanmu a Yakasai. Bincikena a kan na'urar gwajin sukari ne. Akwai wani sinadari, enzayim, da muke maƙalawa a jikin siririn tantani mu ɗora a bakin na'urar, shi ke kama sukarin jini har lamba ta fito. Ba ya son zafi ko kaɗan. In ya raunana na'urar ba ta daina aiki, sai dai ta riƙa nuna sukari kaɗan ko da jini ya zama zuma. A zafin bana firjin ɗakin gwajinmu ya lalace, na kwaso kayana gida, da yake ba wuta na tura robar tantanin cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Hajiyarmu ta zo shara ta ɗora min ita a kan katanga, ta wuni a rana. Ina gani na san an gama.

Ranar da yamma Baba, wanda ya daɗe yana fama da ciwon sukari, ya kira ni zaure gaban abokansa. "Uwata, ɗauko na'urar nan taki ki gwada ni, su Alhaji su ga amfanin boko." Mutumin da ya ɓata da ƙannensa don a bar ni in ci gaba da karatu, a gabansu zan ce masa ta lalace? Na soka masa yatsa, lamba ta fito ta mai lafiya lau. Ya yi kabbara har da ƙwalla, ni kuwa, Allah Ya yafe min, murmushi na yi.

Wata biyu ke nan. Ya kyautar da na'urarsa ta kanti, wai dama ita ke tsorata shi. Ya rage ƙwaya, ya koma shayi mai zaƙi, duk Juma'a ya miƙo min yatsa. Sabon enzayim sai an yi oda, ban san ranar zuwansa ba. Na ce, "Baba, ba a gama tantance ta ba fa." Ya ce, "Ke dai akwai kunyar yabo." Yanzu ya rame, buta ba ta barin hannunsa, takalmi ya ci masa ɗan yatsa sati uku ya ƙi warkewa. Ni nake wanke masa ciwon. Wace irin 'ya ce ni?

Ɗazu Hajiya ta ce ya je asibiti a duba ƙafar. Ya nuna ni yana dariya, ya ce, "Ga likita a gida, in je in yi me?" Ya miƙo min yatsa.

Na ce batir ya mutu, sai gobe. Goben nan kuma tana zuwa, jama'a. Me zan yi?