Na'urar Hajiya a Ƙirjina

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta kawo mana na'urori biyu daga asibitin da take aiki. Ana maƙala su a bel, a ɗaura a ƙirji a kwana da su. Daga bugun zuciya suke gane barci mai nauyi da na sama-sama. Baƙin bel nawa, shuɗi na Hajiya. Na tambaye ta wa ya tantance su. Ta ce, "Baba, ka bar gidan jarida, amma shi bai bar ka ba."

Laraba, 5 ga Maris
Sakamako ya shigo waya. Barci mai nauyi: Hajiya awa ɗaya da minti hamsin, ni minti goma sha tara. Gado ɗaya, fanka ɗaya.

Juma'a, 7 ga Maris
Ina zaune Hajiya ta gaya wa ƙanwarta a waya wai farar zuciya ce ke kawo barci. Shekara talatin da shida ina haƙuri da minsharin nan, yau ya zama abin yabo.

Lahadi, 9 ga Maris
Majiya ɗaya ba ta isa labari ba. Wataƙila tawa ce lalatacciya. Tana wanka na ɓalle na'urorin na musanya, na bar wa kowa bel ɗinsa.

Litinin, 10 ga Maris
Sunana: awa ɗaya da minti arba'in. Sunanta: minti goma sha shida. Ashe na'ura lafiyarta ƙalau. Na ga fuskar Hajiya, kuma na ji daɗi. Allah ya yafe mini.

Talata, 11 ga Maris
Faɗuwar sakamakon Hajiya ta sa Auta ta buɗe cikakken zanen bugun, wanda ba ta duba ba a baya. Ta zo da sassafe. "Umma, zuciyarki tana tsallake bugu. Gobe za mu ga likita."
Hajiya ta ce to. Da rana ta kira ni ɗaki tana nuna mini inda takardun gida suke. Wuni guda ina da baki, amma na ɓoye musu gaskiya.

Laraba, 12 ga Maris
Sai a ƙofar asibiti na faɗa musu na musanya na'urorin. Auta ta kashe mota, ta kifa kai a sitiyari. Na jira faɗa. Hajiya ta ce, "Ashe kai ne, Malam," ta kama hannun rigata har ɗakin jira. Sunana aka rubuta a kati.

Asabar, 15 ga Maris
Kowa da na'urarsa. Barcinta mai nauyi ya sauko zuwa minti ashirin. Wai numfashina take saurare. Yau na fi ta da minti huɗu. Na kife wayar, na je na dafa mata ruwan wanka.