Awon Mai Taya

Zuwa ga aminina Mai Taya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya aikin majalisa, yaya fama da jama'a? Mu nan sai godiya.

Na san yanzu Mai Girma ake ce maka, amma bakina ya ƙi sabawa. Ni dai wanda na sani shi ne mai facin da ya kafa rumfa jikin shagona shekara arba'in da suka wuce, kullum yana aron kujerata ba ya mayarwa. A gabana ka bar faci ka koma sayar da tayoyi, shago ɗaya ya zama bakwai, motocin dakon kaya suka biyo baya. Ranar da ka ce za ka shiga jam'iyyar masu ra'ayin riƙau na yi dariya har allura ta soke ni, don ban taɓa ganin ka riƙe komai ba sai kujerata. Ka yi kansila, ka wuce majalisa, rigar kowane mataki kuwa a kan kekena ta fito. Daga baya ne telolin babban birni suka ƙwace mini kai.

Shekaranjiya na matsa dab da talabijin na kalli jawabinka. Ka yi kyakkyawan faɗa a kan kada a yar da abin da aka gada. Ni rigar nake kallo. Ɗaukar taya ta sauke kafaɗarka ta hagu da kusan inci guda, su ba su sani ba, shi ya sa wuyan yake zamewa gefe. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ganina yana ta dushewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, na dama ne ya rage, shi ma yana hanya. Ina so in ɗinka maka riga ɗaya kafin in rufe keken. Sakatarenka ya aiko mini da awonka a takarda, na mayar masa. Ka san ba na yanka yadi da awon da hannuna bai ɗauka ba. Ka zo da kanka, kada ka daɗe. Wallahi ina kewarka.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Tela

Zuwa ga aminina Mai Taya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun koma lafiya, kuma gajiyar hanya ta bi lafiya. Za ka ga rubutun ya canza. Autata ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Wata biyar na yi ina jiranka, har na fara zaginka a zuci. Makon jiya sai ga motoci sun cika layi, mai wanki da mai gyaran agogo duk sun fito kallo. Ka bar mutanenka a waje, ka sunkuyo ka shigo, ka buge kai da ƙofar nan kamar yadda ka saba. Da ƙarar na gane ka, don fuskarka ban gan ta ba.

Na so in ɓoye maka. Na ciro tef daga wuyana, na zagaya ƙirjinka, na danne da babban yatsa, na kai shi kusa da ido, ban ga ko lamba ɗaya ba. Sai kawai na ji ka ɗaga murya kana mita, wai arba'in da shida, wannan ƙiba za ta kashe ka. Na koma ƙugu, ka sake faɗin lambar kana ɗora wa zaman majalisa laifi. Haka muka bi hannu da tsawo da wuya, kana karanto mini ɗaya bayan ɗaya, kai a dole tsegumin jikinka kake yi. Autata ta ce tana rubuta awon tana share hawaye, kai ma ka juya wa ƙofa baya.

Na gane, Mai Taya. Ka rufa mini asiri a shagona, Allah ya rufa naka.

Autata ce ta yi yankan, ni na hau keke na ɗinka da laluben yatsa, daga safe har la'asar. Direbanka ya zo ya karɓa ranar Laraba. Kafin ya zo, ta ce kafaɗun sun zauna daidai, amma ɗinkin aljihun ya karkace, ta nemi ta warware. Na hana ta. Kai ma kada ka kai wa kowa ya gyara, shi ne na ƙarshe da na yi.

Ka gaida uwargida da yara. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Tela