Inna Ta Tuge Furannina

Daren Laraba, Gwarzo

Sati guda ina fama da kwamin furannin nan a tsakar gida. Na ja layi, na jera bulo, na dasa waɗanda yayata ta aiko min daga Jos. Yau na dawo daga aiki na tarar surukata, da ta zo daga Kutama, ta tuge su ta shuka kuɓewa.

Na ce, "Inna, ai furanni ne."

Ta ce, "'Yar nan, da fure ake kaɗa miya?"

Maigida sai dariya yake! Na ga tana dafe da ƙugu don gajiya, na haɗiye maganata. Wai kuma gobe ni zan yi wa kuɓewar ban ruwa.