An Cire Sunana Daga Binciken

Talata, Unguwar Sarki

Yau Rifkatu, abokiyar aikina a ɗakin bincike, ta miƙo min wayarta. Ashe bincikenmu kan farfaɗiyar yara ya fito a mujallar ƙasar waje. Ga sunan Farfesa, shugabanmu, ga na ɗan yayarsa. Nawa babu.

Shekara huɗu ina jigilar zuwa Katabu. Ni na lallashi iyaye har suka yarda a liƙa wa 'ya'yansu wayoyi a ka don a auna aikin ƙwaƙwalwa. Ni na rubuta kowane shafi.

Bayan la'asar na sami Farfesa a ofis. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Hadiza, ke yarinya ce, lokacinki na zuwa. Shi yaron nan ƙarin girma yake nema."

Mutumin da nake kira Baba! Shi fa ya yi wa ɗana huɗuba.

Na kasa cin abinci, kuma ba don shi kaɗai ba. Da ya gama magana, sai na ji bakina ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Har da rusunawa na yi.