Sunan Anas a Bakin Uwarsa

Trikania, Kaduna

Hajiya Ladi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ni ce Celina, mai koya wa ɗanki Anas Turanci a lesin na shirin jarabawar shiga jami'a.

Hajiya, na gaji. Akwai tambayoyin gyaran jimla inda ake ambaton mutum biyu, sai a ce "shi", ba a san wanne ake nufi ba. Aikin ɗalibi shi ne ya gano kuskuren, ya mayar da sunan. Kullum a nan Anas yake faɗuwa. Da na matsa masa, sai ya ce bai ga laifin jimlar ba, ai tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinki ba, kuma gida bai rushe ba. 'Yan aji suka yi dariya, ban da shi.

Yanzu ya ce ya haƙura da jarabawar, zai bi motar kawunsa zuwa Legas, tunda ba wanda ya damu. Yaron yana da kai. Don Allah ki gaya masa da bakinki kina so ya zauna.

Na gode,
Celina

Makera, Kaduna

Malama Celina,

Bayan gaisuwa, Allah ya saka miki da alheri.

Ke dai ba ki san mu ba ne. Ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zaunar da shi tana lallashi. Haka na taras. Wa ke dama masa koko kafin ya tafi wurinki? Wa ta hana ƙannensa kunna talabijin in yana karatu? In bai karanta wannan ba, ai Turancin ma da wuya. Zan sa ƙanwata ta yi masa magana.

A huta lafiya,
Ladi

Hajiya,

Ina gaisuwa. Ƙanwarki ta yi magana, ya saurara, ya yi godiya. Ba ita yake jira ba. Ana dab da rufe rajista. Ni malamar Turanci ce kawai, iyakata ke nan.

Allah ya taimaka,
Celina

Malama,

Ina gaishe ki da aiki. Ya tafi jiya. Na bi shi har bakin titi da niyyar in tsayar da shi, ya ba ni baya yana saɓe da jaka. Na ɗaga murya na ce "kai!" Masu Keke Napep biyu suka waiwayo. Shi bai waiwayo ba.

Ki ba wani kujerarsa.

Ki gafarce mu,
Ladi